Aikin tallafa wa ɗalibai 'yan asalin Kanada a jami'a: baƙuwa na da gurbi a ciki?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Na kammala digiri na biyu a fannin ilimi a nan Winnipeg, takardar izinin aiki ma ta fito. Na ga wata jami'a tana neman mai ba ɗalibai 'yan asalin ƙasa shawara, kuma aikin ya kwanta mini a rai, domin kafin na zo sai da na yi shekara biyar ina koyarwa a ƙauye. Mene ne ainihin aikin? Ni da nake Bahaushiya baƙuwa ina da gurbi a ciki? Kuma da gaske ne ta wannan hanyar mutum kan kai ga shugabancin al'umma?

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a karatun, ya ba ki aiki mai amfani.

Shekarata goma sha ɗaya a ofishin tallafin kuɗin karatu na wata jami'a a yammacin ƙasar nan, kuma kusan kullum sai na taka zuwa cibiyar ɗalibai 'yan asalin ƙasa ko su sun tako wurina. Daga abin da idona ya gani zan amsa miki. Kujerar da kika gani a tallar, mai yiwuwa ba taki ba ce, kuma ni a ganina daidai ne da ba taki ba. Amma aikin ya fi kujerar faɗi nesa ba kusa ba, kuma a cikinsa akwai inda ake buƙatar irinki sosai.

Koma ki sake karanta tallar har ƙasa. Yawancin irin waɗannan guraben za ki ga an rubuta cewa an keɓe su ne ga 'yan First Nations (al'ummomin asali irin su Cree), ko Inuit (mutanen can ƙuryar arewa), ko Métis (zuriyar auratayyar 'yan asalin ƙasa da Turawa), ko kuma su za a fifita. Su ne rukunai ukun da sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1982 ya amince da su, kuma dokokin larduna sun yarda da irin wannan keɓewa. A ƙidayar 2021 sun kai kusan mutum miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, da al'ummomi sama da 600 da harsuna sama da 70. Kada ki ɗauke su a matsayin ƙabila ɗaya. Tsakanin mutumin Cree na arewacin Manitoba da mutumin Inuit na Nunavut akwai nisan da ya fi na Bahaushe da mutumin Habasha a harshe da al'ada.

Dalilin keɓewar yana cikin tarihin makaranta ita kanta. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati ke biya, coci-coci ke gudanarwa. A aske musu gashi, a canza musu suna ko a ba su lamba, a doke su in sun yi yarensu. Fiye da 4,000 an tabbatar sun mutu a can. Kada ki zaci labarin kaka da kakanni ne: makarantar Gordon da ke Saskatchewan sai 1996 aka rufe ta. Akwai kuma wani abu da ya shafi jami'a kai tsaye wanda mutane da yawa ba su sani ba. Dokar Indiyawa ta 1876 (Indiyawa shi ne sunan da hukuma ta ba 'yan First Nations) ta tanadi cewa wanda ya samu digiri, ko ya zama likita, ko lauya, ko limamin coci, ya fita daga matsayinsa na ɗan al'ummarsa a idon hukuma. Ka yi karatu, ka rasa mutanenka. Wannan shi ne cinikin da aka shimfiɗa musu, kuma warinsa bai gama fita daga gidaje ba. Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa a watan Yunin 2008, Hukumar Gaskiya da Sasantawa ƙarƙashin mai shari'a Murray Sinclair ta saurari shaidu sama da 6,000 ta fitar da kiraye-kiraye 94 na matakan gyara a 2015. Takardunta suna nan kusa da ke, a cibiyar da ke Jami'ar Manitoba.

Wata shekara a farkon Satumba na raka wata ɗaliba da kakarta zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, domin takardar kuɗinta ce ta jinkirta ba ta makulli. Tsohuwar, wadda jikar ke kira kokum, ba ta dubi gado ba, ba ta dubi taga ba. Ƙofa ta nufa. Ta rufe, ta murɗa mariƙin daga ciki, ta buɗe, ta sake rufewa, ta sake buɗewa. Sannan ta tambayi abokiyar aikina, 'yar Cree, da yarensu, ko da dare ana kulle su daga waje. Tana da shekara shida aka ɗauke ta zuwa makarantar kwana. Abokiyar aikin nan ta amsa mata da yaren, ta faɗi sunan ƙauyen mahaifiyarta, sai ga shi sun haɗa dangi ta wajen aure. A nan ne kafaɗun tsohuwar suka sauko. Ni da duk kyakkyawar niyyata ba ni da abin da zan ce da zai sauke su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa nake cewa wannan kujerar tasu ce.

To mene ne aikin yau da gobe? Mutane kan zaci taro ne da jawabi da rawar gargajiya. Akwai su, amma kaso mafi tsoka kuɗi ne, da masauki, da renon yara, da mutuwa.

Fara da kuɗi, domin nan ne ƙaryar da ta fi yawo take. Za ki ji ana cewa su karatu kyauta suke yi. Har 'yan uwanmu suna maimaitawa. Ba haka ba ne. Gwamnatin tarayya tana ba kowace al'umma wani kaso, ofishin ilimi na al'ummar ne ke raba shi ga masu nema, kuma tun daga 1996 aka ƙayyade ƙarin kuɗin da kashi 2 cikin ɗari a shekara na tsawon kusan shekara ashirin, alhali kuɗin makaranta na hawa, matasa na ƙaruwa. Sakamakon shi ne layi. Wani ya samu gurbi a jami'a amma al'ummarsa ta ce ya jira baɗi. Kira na 11 cikin 94 ɗin nan a kan wannan layin yake magana. Ɗan First Nations da gwamnati ba ta yi wa rajista a ƙarƙashin Dokar Indiyawa ba, ba ya cikin tsarin ma sam, Métis kuwa sai a 2019 aka ware musu nasu tsarin na tarayya. Saura sai bashin karatu, sai tallafin ƙungiyoyi irin su Indspire, sai abin da jami'a ta tanada. Har yanzu kason masu digiri a cikinsu bai kai rabin na sauran jama'a ba.

Ko wanda aka ɗauki nauyinsa ma bai tsira ba. Takardar ɗaukar nauyi takan makara, domin ofishin da ke rubuta ta wani lokaci mutum ɗaya ne, yana kula da 'yan firamare da 'yan sakandare da 'yan jami'a gaba ɗaya. Kwamfutar jami'a ba ta san wannan ba. Ranar da wa'adi ya cika sai ta toshe rajistar ɗalibi ta ɗora masa tara. Alawus na wata ba ya isa haya a birni. Littattafai sai an kawo wata takardar daban. Na ga saurayi ya yi sati uku yana shiga aji ba littafi, yana kwana a kujerar falon ɗan gwaggonsa, bai gaya wa kowa ba, domin a tarbiyyarsa ba a kai kuka wurin baƙo. Da na fara aiki a nan, wasiƙar gargaɗi kawai muke turawa ta imel. Shekara biyu muka yi da ma'aikatan cibiyar muna bin shugabanni kafin a yarda cewa kiran waya daga ofishin ilimi na al'umma ya isa a ɗage toshewar har takarda ta iso. Ba a yi biki a kan wannan ba, babu wanda ya sa shi a jarida, amma na san yara da yawa da suka gama zangon farko saboda shi. Kin ga irin aikin da nake nufi. Kuma ba daga kujerar mai ba da shawara aka yi shi ba, daga tebur irin nawa ne.

Sai mutuwa. Wannan ne ya fi girgiza ni. Ɗalibi ɗaya kan yi rashi uku ko huɗu a shekara guda: haɗarin mota, ciwon suga, ƙwaya, matashi ya kashe kansa. Zaman makoki a wurinsu kwanaki ne, gari duka ke zama, kuma wasu garuruwan arewa ba hanyar mota sai jirgin sama, ko hanyar ƙanƙara da ake buɗewa 'yan makonni a hunturu. Dokar jami'a kuwa takan ce a ɗage jarrabawa ne kawai in uwa ko uba ko ɗan uwa na jini ya rasu, a kawo takardar shaida. To yarinyar da innarta ce ta raine ta fa? A nan Bahaushiya tana da ido da Bature da yawa ba su da shi. Mu mun san ƙanwar uwa uwa ce, mun san ba a tambayar mutum me ya haɗa shi da mamaci kafin a bar shi ya je gaisuwa. Sau da yawa a taron kwamiti ni ce nake fara cewa wannan ma'anar iyali da ke rubuce ta yi ƙunci, kafin ma abokan aikina 'yan ƙasa su gaji da maimaitawa. Mai ba da shawara yakan kira malamai ɗaya bayan ɗaya, ya nemo kuɗin tikiti daga asusun gaggawa, sannan, abin da ya fi komai, ya kira ɗalibin bayan sati biyu ya ce muna jiranka, kujerarka na nan. Da yawa ba faɗuwa suke yi ba. Tafiya gida suke yi, kunyar dawowa ta riƙe su.

Ki ƙara da cewa da yawansu ba 'yan shekara sha takwas ba ne. Iyaye mata ne masu yara biyu ko uku, sun dawo karatu bayan shekaru. Wasu kuma tun suna sha huɗu suka bar gida domin garinsu ba sakandare. Ki karanta labarin ɗalibai bakwai da suka mutu a Thunder Bay tsakanin 2000 da 2011 bayan sun zo karatu daga garuruwan arewa, za ki gane abin da ke zuciyar uwa idan ɗanta ya ce zai tafi birni.

Yanzu gurbinki. Ofishin magatakarda, ofishin ba da gurbin karatu, tallafin kuɗi, masaukin ɗalibai, cibiyar koyar da rubutu, ɗakin karatu, masu ba da shawara na tsangayoyi: duk ɗalibi ɗan asalin ƙasa sai ya bi ta waɗannan ƙofofin, kuma a nan ne aka fi yi masa rauni, galibi ba da mugunta ba, da rashin sani. Ma'aikatan cibiyar ba su da yawa, kuma an ɗora musu kaya fiye da kima. Kowane kwamiti yana son ɗayansu ya zauna, kowane taro yana son su buɗe, kowane malami da ya yi kuskure a aji wurinsu yake zuwa, ga shi su ma makokin nan nasu ne. Da yawa kwantiragin shekara ɗaya ko biyu suke kai, kuɗin na zuwa ne daga tallafin da kan iya yankewa. Na ga haziƙai sun ƙone sun bar aikin. Abin da suke nema shi ne mutum a wancan ofishin da za su ɗaga waya su kira, ya gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ki zama wannan mutumin. Da digirinki da shekaru biyar na aji, kin cancanci neman gurbin mai ba da shawara na gaba ɗaya ko na cibiyar rubutu. Kwalejoji ma suna ɗauka, haka makarantun da al'ummomin ke gudanarwa da kansu a arewa kullum suna neman malamai, in kin samu lasisin koyarwa na lardi kuma za ki iya zama, ba ki yi shekara ɗaya ki gudu ba. Yaran can sun gaji da malamai masu zuwa su tafi.

Za a nemi takardar 'yan sanda ta masu aiki da masu rauni, lasisin tuƙi yana taimakawa, horon agajin farko na lafiyar ƙwaƙwalwa da na tunkarar mai tunanin kashe kansa kuwa ki yi su ko ba a nema ba. Jami'ar Alberta tana da kwas kyauta a intanet mai suna Indigenous Canada, ki fara da shi.

Akwai abu biyu da nake roƙonki ki kiyaye. Na farko, kada ki buɗe baki da cewa mu ma an yi mana mulkin mallaka. Gaskiya ne an yi mana, kuma wasunmu sun sha bulala a makaranta saboda sun yi Hausa a aji. Amma namu Turawan sun naɗe tuta a 1960 sun tafi, ƙasa tana hannunmu, Hausa tana bakin miliyoyin yara. Nasu ba su tafi ba, wasu harsunan saura tsofaffi ƙalilan ke jin su, ni da ke kuwa, da izinin wannan gwamnatin muka shigo muka zauna a ƙasarsu. Winnipeg da kike ciki tana kan ƙasar yarjejeniya ta ɗaya, wadda gwamnati ta ƙulla da 'yan asalin yankin a 1871, kuma cibiyar Métis ce ta Red River. Tarihinmu zai taimaka miki ki ji abin da ake faɗa da sauri. In zumunci ya yi ƙarfi su da kansu za su tambaye ki labarin gida, kuma hirar takan yi daɗi ƙwarai. Na biyu, a takardar neman aiki, inda aka tambaya ko ke 'yar asalin ƙasa ce, amsarki a'a ce. Na san wani namu da ya sa eh, wai ai shi ɗan asalin ƙasarsa ne. Wannan magana ce mai zafi a yanzu, domin an kama manyan malamai da suka ci shekaru suna cin guraben da ƙaryar asali, har Jami'ar Saskatchewan ta kafa dokar tantancewa a 2022, wasu jami'o'in suka bi.

Na san za ki tambayi batun addini, ko da ba ki rubuta ba. A cibiyoyin nan akan buɗe taro da turara hayaƙin wasu ganyaye da ciyawa mai ƙamshi, a zagaya da kasko kowa ya shafa hayaƙin a fuska da ƙirji, ibada ce a wurinsu. Ba a tilasta wa kowa. Ni nakan tsaya a da'irar cikin natsuwa, in kasko ya iso gabana in ɗora hannu a ƙirji in ɗan sunkuya, mai riƙe da shi ya wuce. Tun farko na je na sami dattijuwar cibiyar na gaya mata ni Musulma ce, ga abin da zan iya ga wanda ba zan iya ba. Ta ce ita an hana ta addu'arta tana yarinya, ba za ta hana wani tasa ba. Da azumi ita ce ke ajiye mini burodinsu na bannock a takarda in tafi da shi buɗa-baki. In za a nemi dattijo ya yi addu'a ko ya koyar, al'adar mutanen wannan yankin ita ce a miƙa masa ɗan ƙullin taba, kamar yadda muke kai goro. Ba kowace al'umma ke yin haka ba, Inuit ba al'adarsu ba ce, don haka a tambaya. In zuciyarki ba ta natsu da miƙawar ba, ki bar wa abokin aiki, ke ki tabbatar an biya dattijon haƙƙinsa a ranar, ba bayan wata biyu ba.

Batun shugabanci kuwa, eh, hanya ce, kuma tsohuwar hanya. Duk abin da kike gani yau su suka ƙwato shi. A 1970 iyaye suka yi zaman dirshan a makarantar Blue Quills a Alberta har gwamnati ta miƙa musu ita, yau jami'a ce tasu. A 1972 ƙungiyar shugabanninsu ta ƙasa ta fitar da takardar neman riƙe ilimin 'ya'yansu da hannunsu. A 1976 aka buɗe kwalejin da ta zama Jami'ar First Nations a Regina, a 1980 Métis suka kafa Cibiyar Gabriel Dumont. Verna Kirkness, 'yar Cree daga Fisher River a lardinku na Manitoba, malamar aji ce kafin ta jagoranci gina gidan ɗalibai 'yan ƙasa a Jami'ar British Columbia. Ita da Ray Barnhardt suka rubuta a 1991 cewa ba ɗalibin ne kaɗai zai daidaita da jami'a ba, jami'a ma sai ta girmama shi, ta koyar da abin da ya shafi rayuwarsa, ta karɓa kamar yadda take bayarwa. Har yau a kan wannan ake horar da sababbin ma'aikata. Cadmus Delorme, wanda ya shugabanci al'ummar Cowessess lokacin da aka sanar da kaburbura 751 marasa alama a 2021, ɗalibin Jami'ar First Nations ne. Wab Kinew, firimiyan lardinku tun 2023, ya riƙe ofishin harkokin 'yan asalin ƙasa a Jami'ar Winnipeg kafin ya shiga siyasa. Dattawan filayen nan suna cewa ilimi shi ne sabon ɓauna, domin a da daga ɓauna suke samun abinci da sutura da tanti. Ma'aikacin kirki yakan tambayi ɗalibi tun shekarar farko: me mutanenka suke buƙata? Nas? Lauyan filaye? Malamin yare? Mai kula da ruwan sha? Sai ya haɗa shi da wanda ya riga shi, ya tura shi majalisar ɗalibai, ya bar shi ya jagoranci taro ko da muryarsa na rawa.

Amma wannan shugabancin nasu ne. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Naki shugabancin yana wani wuri da ba kowa ke iya shiga ba: cikin mutanenmu. Kin san abin da ake faɗa a wurin suna da walima game da 'yan asalin ƙasar da ake gani a tsakiyar gari, cewa mashaya ne, malalata ne, gwamnati ke ciyar da su. Sabon zuwa yana sauka daga jirgi ake zuba masa wannan a kunne, kafin ya san sunan ko al'umma ɗaya. 'Ya'yanmu suna ji, su tafi da shi makaranta. Kiraye-kiraye biyu na ƙarshe, na 93 da na 94, a kanmu baƙi suke magana, kuma saboda su ne tun 2021 duk wanda zai yi rantsuwar zama ɗan Kanada sai ya ambaci haƙƙoƙin First Nations da Inuit da Métis da bakinsa. Malamar da ta san tarihin nan, ta iya faɗinsa da Hausa a masallaci da taron ƙungiya, ba tare da ta ci fuskar kowa ba, tana yin aikin da babu wata 'yar Cree da za ta iya yi mana.

Game da tallar, ki kira lambar da ke jiki ki tambaya kai tsaye ko gurbin keɓaɓɓe ne. In sun ce a buɗe yake ga kowa, ki nema, ki faɗi gaskiyar ko ke wace ce da abin da ba ki sani ba tukuna. In keɓaɓɓe ne, ki tura wa wata 'yar ajinku da ta cancanta, ke ki duba guraben sauran ofisoshin. Kafin nan, yawancin cibiyoyin suna da ranar da ake dafa miya a ci tare, ƙofa a buɗe ga kowa. Ki je, ki gaishe da dattijuwar da za ki tarar kusa da tukunyar shayi, ki faɗa mata sunanki da garinku da sunan mahaifiyarki, domin su ma da haka suke fara gaisuwa. In an gama ci ki tsaya ki taya su wanke kwanuka, sati mai zuwa ki koma.